Burga a Teburin Poka: Wa Ke Cin Kuɗin?

Da can mai caca sai ya nemi lungu ya shimfiɗa karta. Yanzu waya da data sun wadatar. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko ɗan acaɓa a tashar Kurfi, yana iya zama teburin poka da mutanen da bai taɓa gani ba, da kuɗin da bai kai na kwanon masara ba. Ƙanƙantar kuɗin ce ke sa a saki jiki.

Abin da ke jan samari a wannan wasa shi ne burga. Kartarka ba ta da ƙarfi, amma ka zuba kuɗi da zafi don abokin wasa ya tsorata ya ajiye tasa. A bidiyo abin gwanin sha'awa. To, mu yi lissafi. A ce akwai naira 1,000 a tsakiya, ka ƙara 1,000 da kartar banza. Sai mutumin ya gudu sau ɗaya cikin biyu kafin ka tashi ba ci ba asara. A ƙaramin tebur kuwa ba a cika gudu ba. Wanda ɗari biyar ba ta dame shi ba zai biya don kawai ya ga abin da ka riƙe. Ka yi kurari ga wanda ba ya jin tsoro, kuɗinka ya tafi. Daga nan sai zuciya ta hau, a ninka don a rama, a taɓa kuɗin makaranta ko balas ɗin mai babur.

Ko ka iya, akwai mai gidan cacar. Yana yankar la'ada a kusan kowane zagaye, sau da yawa wajen kashi biyar cikin ɗari. Kuɗi na yawo tsakanin mutum shida, kowane zagaye ana gutsura, har tulin ya ƙare a hannun wanda bai riƙe karta ba.

Kuma wa ya ce mutum ne a ɗaya gefen? A 2019 wata manhaja mai suna Pluribus, wadda masanan Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka da Facebook suka ƙera, ta lallasa ƙwararru a teburin mutum shida. Na'ura ba ta da gaban da zai faɗi. Ga kuma sabis: mu da muka ga an rufe layukan waya a Dutsin-Ma da Kurfi a 2021 mun san halinsa. Ya ɗauke a tsakiyar wasa, lokacinka ya ƙare, abin da ka zuba ya bi ruwa.

Hukuncin caca a Musulunci a fili yake cikin Suratul Ma'ida, Katsina kuma tana bin shari'a tun 2000. Idan kamfanin da ke wata ƙasa ya riƙe maka kuɗi, gaban wane alƙali za ka tsaya ka ce kuɗin karta ne?