Ko Kun Sani? Majaujawar Yaƙi a Tafin Hannu

Sojojin wasan Warhammer, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1983, babu fenti ake sayar da su. Mai wasa ne zai harhaɗa su ya fente su, har da 'yar majaujawar rushe ganuwa da ba ta wuce tafin hannu ba.

Don robar da aka yi majaujawar da ita ta koma kamar tsohon katako, sai a shafa fenti ruwan ƙasa, a bi da baƙin fenti tsararo ya kwanta cikin tsagogi. Sannan a ɗebo fenti mai haske, a goge burushin a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa sama-sama, layukan itacen su fito.

Gwanayen wannan aiki suna da gasarsu, Golden Demon, tun 1987.