Maganin Hawan Jini Ba A Barinsa

Ya kai mai gida, ka karanta wannan da kyau, sa'an nan ka karanta wa iyalinka.

Hawan jini cuta ce mai tafiya a ɓoye. Zuciya ita ke tura jini cikin jijiyoyi. In ƙarfin turin ya yi yawa shekara da shekaru, sai zuciya ta gaji, ƙoda ta lalace, ko kuwa wata jijiya ta fashe ko ta toshe cikin ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Mutane da yawa ba su jin ciwon kome, suna noma suna cin kasuwa, sai ran da suka faɗi. Awo kaɗai ke nuna ta. In an auna ka a ranaku biyu dabam dabam aka ga ya kai 140 bisa 90, ko ya wuce, to, kana da ita.

Magungunanta iri iri ne, kowane da aikinsa.

Na farko mai sa fitsari, irin su Moduretic. Yana fid da gishiri da ruwan da suka yi wa jiki yawa. Tun 1958 likitoci ke aiki da irinsa. Da safe a ke sha, don kada fitsari ya hana ka barci.

Na biyu mai saki jijiyoyi, watau amlodifin da nifedifin. Jijiya ta buɗe, jini ya wuce ba da wahala ba. Ya kan sa waɗansu kumburin ƙafa.

Na uku lisinofiril da 'yan'uwansa. Yana hana jiki yin wani abu mai tsuke jijiyoyi. Ya kan kawo busasshen tari. Mace mai ciki ba ta shansa ko kaɗan, gama yana cutar ɗan da ke ciki.

Na huɗu metildofa, wanda aka fi sani da Aldomet. Shi likita ya kan ba masu ciki.

To, ga babbar magana. Waɗannan magunguna ba su kashe cutar, riƙe ta su ke yi, kamar yadda dabaibayi ke riƙe jaki. Ran da ka kwance, ya tafi. Sau da yawa mu kan ga mutum ya sha wata ɗaya, ya ji garau, ya ce ya warke, ya bari. Bayan 'yan watanni a kawo shi ranga-ranga, baki ya karkace, hannu ba ya motsi. Kuɗin ƙwayar shekara guda bai kai wahalar jinyar wannan ba, balle gonar da za ta kwana ba mai noma.

Saboda haka ka kiyaye waɗannan:

1. Ka sha kullum, lokaci ɗaya, ko da kana jin lafiya.
2. In ka manta jiya, kada ka haɗa biyu yau.
3. Ka komo ɗakin shan magani tun ƙwayarka ba ta ƙare ba, a sake auna ka.
4. In ka ga tari, ko kumburi, ko jiri, kada ka bari da kanka. Ka zo a sake maka wani.
5. Kada ka ba maƙwabcinka naka, kada ka sha nasa.
6. Da azumi ka zo a gyara maka lokacin sha, ko da sahur ko bayan shan ruwa.
7. Ka guji ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan talla, irin su diklofenak, gama suna ta da jini.

Uwargida kuma ta taimaka daga wajen tukunya. Gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin dunƙulen miya. A rage kanwa. Mai shan taba ya bari.

In baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya mutu farat ɗaya, a kai mutum asibiti nan take, kada a jira gari ya waye. Haka kuma mai ciki in ta ga kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, don gudun jijjiga.

Allah ya ba mu lafiya, amin.