Yadda Aka Gano Ƙwayar Sanƙarau

A zamanin da, idan sanƙarau ya shigo gari, mutane da yawa sukan ce aikin iskoki ne.

Masana biyu, Luwi Fastor na Faransa da Robat Kok na Jamus, suka nuna cewa wasu ƙananan halittu ne ke kawo cututtuka. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A 1887, wani likita a birnin Biyena ya gano ƙwayar sanƙarau a cikin ruwan ƙashin bayan marasa lafiya.

Ƙwayar tana zama a maƙogwaro. Tari da atishawa ke yaɗa ta, musamman da rani, lokacin ƙura.

A Yamai, cibiyar CERMES tana binciken irin wannan ruwa domin a san wace ƙwaya ce. Annobar 1995 ta kama dubban mutane a Nijar. A 2010 aka fara sabuwar allurar rigakafi. Amma ƙwayar iri-iri ce: a 2015 wani irin ya faɗa wa Yamai.

Idan yaro ya yi zazzaɓi, wuyansa ya sanƙare, a kai shi likita nan take. Kada a jira wayewar gari.