Murhun Gas: Wace Tukunya, Wace Irin Wuta?

 Yau shirin namu madafa ya leƙa.

Matar da ta tashi da murhun duwatsu uku ta san dabarar wuta: a tura icce, a zuga, in tuwo ya tuƙu a janye iccen a bar shi ya sulala a kan garwashi. To gas ya shigo gidaje, daga 'yar tukunyar gas mai kilo 3 har mai kilo 12.5, amma hannu bai manta da icce ba. Ana kunna murhu sai a murɗe shi har ƙarshe, wai don abinci ya yi saurin nuna. Bayan mako biyu kuma a ce mai sayar da gas ya yi ha'inci.

Uwargida, ruwa in ya tafasa, zafinsa yana tsayawa ne a wajen digiri 100. Duk wutar da kika ƙara bayan haka ba za ta nunar da wake ba, sai dai ta ƙone ruwan ki sake tsuga wani. Da zarar ya tafasa, rage wuta, ki rufe da murfi. Sannan ki sunkuya ki duba gindin tukunyar. In harshen wuta ya fito yana lasar gefenta, ɗakin girki kike ɗumamawa da kuɗin Maigida. Ya kamata wutar ta tsaya a ƙarƙashi, kuma ta zama shuɗiya. In ta koma rawaya tana baƙanta tukunya, gas ɗin ba ya samun isasshiyar iska, ko kuma ramukan kan murhun sun toshe da miyar da ta zube. Irin wannan wuta tana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, don haka a goge kan murhu, a kuma bar taga a buɗe.

Sai maganar tukunya. Wutar gas a zobe ɗaya take bugawa, shi ya sa tukunya mai siririn gindi ke kama shinkafa a tsakiya alhali sama ba ta nuna ba, talge kuwa kafin ki ɗauko muciya ya fara ƙauri. In kin je kasuwa, ɗaga tukunyar ki ji nauyinta, ki ƙwanƙwasa gindin. Mai kauri ita ke raba zafi ko'ina. Gindin ya zama shimfiɗaɗɗe, domin mai zagayayyen gindi, irin tukunyar ƙasa, ba ta zama daram a kan ƙarfen murhu, kuma zafin farat ɗaya yana iya tsaga ta.

Tukwanen alminiyam na zubi, irin waɗanda ake yi a Panteka ta Kaduna ko kasuwar Katako ta Yamai, suna da kauri da araha, kuma suna jure tuƙin tuwo. Sai dai wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya gano gubar dalma a irin tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarafa. Shawarata, kada a bar miyar tumatir ko abin da aka sa wa tsamiya ya kwana a ciki, domin tsami yana cin jikin tukunyar. A juye a wani mazubi.

Kaskon zamani wanda abinci ba ya kama masa, wanda amare ke so, ba ya son babbar wuta. In zafi ya haura digiri 260, shafen cikinsa yakan fara lalacewa, saboda haka kada a ɗora shi babu komai a ciki, kada kuma a kankare shi da cokalin ƙarfe. Tandar waina ta baƙin ƙarfe ita kuwa tana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ta ɗauka ta riƙe. A fara mata da matsakaiciyar wuta, a jira, sannan a rage kafin a zuba ƙullu.