BECE, CSSPS, SMC: haruffan makaranta da iyayen Zango ke sa wa hannu ba su karanta ba

Allon da ke ƙofar makaranta a Gana ba suna kaɗai yake ɗauke da shi ba. Bayan sunan unguwa ko na gari akwai wasu 'yan haruffa, M/A ko D/A ko R/C ko E/A, kuma su ne ke gaya maka wa ke da ta cewa a cikin gidan. Da yawa daga iyayenmu a Nima da Mamobi da Aboabo da Asawase sun shekara goma suna kai yara ƙarƙashin irin wannan allo, ba su taɓa tambayar me haruffan ke nufi ba.

M/A da D/A na nufin makarantar majalisar birni ce ko ta gunduma, wato ta hukuma zalla. R/C ta Katolika ce, haka Presby da Meth. da SDA, kowacce da cocinta. Irin waɗannan gwamnati ce ke biyan albashin malamansu, amma cocin da ya kafa su yana da baki a tsarin tarbiyya da addu'ar safe. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga Musulmi. Kowa na tuna abin da ya faru a Wesley Girls ta Cape Coast a azumin 2021, lokacin da aka hana ɗaliba Musulma yin azumi: hukumar ilimi ta GES ta ba da umarnin a bar ɗalibai su yi azuminsu, cocin Methodist ya fito ya ce bai amince da umarnin ba. Makaranta ɗaya, iyayen gida biyu.

E/A kuwa tamu ce, Turanci da Larabci. A Zango idan aka ce makaranta hankali ya fi zuwa ta allo, to E/A yawanci makarantar allo ce ko Islamiyya da ta karɓi karatun boko ta shiga ƙarƙashin gwamnati. Sashen da ke kula da su shi ne IEU, sashen ilimin Musulunci da aka kafa a cikin GES a 1987, hedkwatarsa na Tamale. Ahmadiyya na da nasu sashen dabam, kuma T.I. da ake gani a gaban sunan makarantunsu Ta'alimul Islam ke nan. Ita GES ɗin, wadda za ku ji sunanta a kowace takarda, ita ce ke tura malamai da shugabannin makarantun gwamnati, tana da ofis a kowace gunduma. Ma'aikatar ilimi na tsara manufa, GES na aiwatarwa.

Idan makarantar ta kuɗi ce, akwai wasu haruffan da ya kamata uba ya nema kafin ya biya ko sisi: NaSIA. Ita ce hukumar da dokar 2020 ta ɗora wa yi wa makarantu rajista da ba su lasisi da duba ingancinsu. Makarantun Islamiyya masu zaman kansu sun yi yawa a unguwanninmu, wasu masu kyau ƙwarai, wasu kuma ɗaki uku ne da allo mai sheƙi. Tambayar mai makaranta ya nuna maka takardar NaSIA ba rashin kunya ba ne, ko da malaminka ne. Ka kuma tambaye shi da sunan wace makaranta ake yi wa yara rajistar jarrabawa, don ranar da sakamako ya fito wannan sunan ne zai fito, ba wanda ke jikin yunifom ba.

Matakan karatun a taƙaice: KG shekara 2, firamare 6, JHS 3, jimla 11, su ake kira ilimin tushe. Daga nan SHS shekara 3, ko makarantar sana'a da fasaha da ake kira TVET. Manya da ke cewa JSS da SSS ba kuskure suke yi ba, sunayen ne aka canza a gyaran 2007.

Inda haruffa suka fi cin mutane shi ne ƙarshen JHS 3. Yaro zai rubuta BECE, jarrabawar da WAEC ke shiryawa, kuma ana ba kowane darasi lamba daga 1 zuwa 9. A nan ƙarami shi ne babba: 1 ta fi kowace kyau, 9 ita ce ta ƙarshe. Ana haɗa lambobin darussa shida, huɗu na dole, wato Turanci da lissafi da kimiyya da ilimin zamantakewa, sai biyu da yaro ya fi yin kyau a sauran. Jimlar ita ce agiriget. Yaron da ya samu 3 da 4 da 3 da 2 a na dole, ya samu 1 da 2 a sauran, agiriget ɗinsa 15. Mafi kyau da ake iya samu 6 ne. Don haka idan yaro ya shigo gida yana murmushi ya ce ya ci 36, kaka na guɗa, a dakata tukuna, ba tsarin makarantar allo ba ne da yawan izu ke nuna ƙoƙari. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne lambar ba ta dogara da makin yaro kaɗai, ta dogara da matsayinsa cikin dukan waɗanda suka rubuta darasin a shekarar. Kuma wani kaso na makin yana fitowa ne daga gwaje-gwajen cikin aji da makaranta ke turawa, abin da malamai ke kira SBA. Yaron da ake cirewa daga aji kowace ranar kasuwa don ya tsare shago ya fara asarar maki tun kafin ranar jarrabawa.

Tun 2024 Larabci ya shiga cikin darussan da ake iya rubutawa a BECE. Ga yaran E/A wannan dama ce ta gaske, domin darasin da suka fi ƙarfi a kai zai iya zama ɗaya daga cikin biyun da ake ƙirgawa. Amma sai makaranta ta yi wa yaro rajistarsa. A tambaya tun yana JHS 2.

Sai CSSPS, tsarin kwamfuta da ke raba yara zuwa makarantun SHS tun 2005. Iyaye na ganin aikinsa ne ranar da sunayen suka fito, uwa ta ga an jefa 'yarta wani gari da ba ta taɓa jin sunansa ba, a fara cewa an yi mana mugunta don mu 'yan Zango ne. Wani lokaci akwai kuskure daga hukuma, ba a musu. Amma sau da yawa maganar ta ƙare ne tun watanni baya, ranar da aka kawo fom ɗin zaɓen makarantu gida, uba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a tsaye yana shirin fita. Kwamfuta ba ta san Zango ba, abin da ke cikin fom take bi.

An kasa makarantun gida-gida, A da B da C. Rukunin A su ne irin su Prempeh da Achimota da Presec, inda masu nema suka ninka kujeru sau da yawa. Yaron da ƙoƙarinsa matsakaici ne, idan ya cika fom da manyan sunaye da kwas ɗin kimiyya da zaman kwana a duka, yana iya tashi babu ko ɗaya. Adadin makarantun da ake zaɓa da sharuɗɗan kowane rukuni suna canzawa kusan kowace shekara, saboda haka abin da aka yi wa yayansa shekara uku baya ba hujja ba ne. Abu uku ake zaɓa a lokaci ɗaya: makaranta, da kwas, da kwana ko jeka-ka-dawo. A kan kowannensu uba Musulmi na da tambayar da malamin aji ba zai yi masa ba. Akwai wurin salla? Ana barin azumi? Yarinya za ta sa hijabi? Ranar cika fom ce ranar waɗannan tambayoyi. Bayan an tura yarinya makarantar mishan ta kwana, an sayi akwati da katifa, jayayya ta yi tsada.

Wanda kwamfuta ba ta ba wuri ba amma ya cancanta, akwai ƙofar da ake buɗewa a shafin CSSPS ya zaɓi makaranta da kansa cikin masu sauran gurbi. Ba a biyan kowa cin hanci a kanta. A wannan lokaci ne 'yan damfara ke yawo da kalmar furotokol, wai suna da mutum a ma'aikata. A Janairun 2023 kafar bincike ta The Fourth Estate ta fallasa yadda ake sayar da gurabe a manyan makarantu, abin ya girgiza ƙasa. Ga kowane mai iya sayar da gurbi kuwa akwai tarin waɗanda ba su da komai sai lambar MoMo. Lambar jarrabawar yaro, indes namba, kada a miƙa ta ga wanda ba a sani ba, da ita ake shiga a canza masa zaɓi.

Free SHS, wadda ta fara a Satumban 2017 zamanin Nana Akufo-Addo, ta ɗauke kuɗin makaranta, ba ta ɗauke kuɗin sabulu da mota da kayan kwana ba. Da ɗalibai suka yi yawa aka kawo dabul tirak a 2018, rukunin kore da na zinariya suna shiga aji bi da bi. A ƙarshen SHS sai WASSCE, mai A1 zuwa F9. Jami'o'i na neman C6 ko abin da ya fi ta a darussa shida, don haka D7 da E8 ci ne a takarda amma ba sa buɗe ƙofar digiri. Mai son gyara sai ya koma NovDec, jarrabawar masu zaman kansu.

Duk waɗannan daga sama suke zuwa, sai dai a fahimce su a bi. Akwai kuma haruffan da iyaye ke da kujera a cikinsu, kuma abin haushi su ne aka fi yin watsi da su.

Kowace makarantar tushe ta gwamnati ana son ta kasance da SMC, kwamitin gudanar da makaranta, tsarin da ya zo a tsakiyar shekarun 1990 tare da shirin ilimi kyauta kuma dole na FCUBE. A cikinsa akwai hedimasta, da wakilin iyaye, da na malamai, da wakilin sarkin gari, da asambiliman na yankin, da wakilin tsofaffin ɗalibai, da na sashen addinin da ke da makarantar. Mutane na haɗa shi da PTA, amma ba ɗaya ba ne. PTA ƙungiyar iyaye da malamai ce, ta taimako da tara kuɗi. SMC kuwa yana cikin mulkin makarantar. Gwamnati na tura wa kowace makaranta kuɗi bisa yawan ɗalibai, kafiteshan girant, wanda ya fara a faɗin ƙasa a 2005 da tsofaffin sidi 30,000 kan kowane yaro, wato sidi 3 na yanzu, aka yi ta ƙarawa daga baya. Kuɗin ba su da yawa kuma sun saba makara. Sai dai kafin a taɓa su dole a rubuta SPIP, tsarin abin da za a yi da su a shekara, kuma shugaban SMC na sa hannu kafin takardar ta tafi ofishin gunduma. A can ne ake yanke ko za a gyara bayan gida da famfo, abin da ke sa 'yan mata manya su zauna a aji ko su koma gida, ko kuwa a sayi fenti.

A makarantun M/A da yawa da ke bakin Zango, yaranmu sun cika aji amma iyayensu ba sa cikin kwamitin. Dalilan sanannu ne: ana sa taro da hantsi lokacin da uwa ke kasuwa uba ke tasha, ana yin sa da Turanci ko Twi, wanda bai yi boko ba yana jin nauyin buɗe baki. A E/A kuma matsalar ta juya: kwamitin kan zama malam mai makaranta da ƙaninsa da surukinsa, wa zai tambayi malam lissafi? A ganina wannan ta biyun ta fi illa, domin babu baƙon da za a ɗora wa laifi.

PTA ma ta sha juyi. Bayan zuwan Free SHS an rage mata ƙarfi, aka mayar da ita PA, ƙungiyar iyaye ba malamai, saboda koke-koken tatsar kuɗi. A 2025 gwamnatin John Mahama ta sa GES ta dawo da PTA a makarantu. Abin da GES ta sha maimaitawa shi ne ba a korar yaro daga aji don iyayensa ba su biya kuɗin ƙungiya ba. Idan hakan ta faru, akwai jami'in da ake kira SISO, wanda a da ake ce wa mai duba da'ira. Yana kula da rukunin makarantu a madadin ofishin gunduma, kuma shi ne mataki na gaba idan an yi magana da hedimasta ba a daidaita ba. Ba sai an tafi gidan rediyo ba tun farko.

Akwai kuma taron da sunansa ke ba 'yan waya dariya, SPAM. Ba saƙon banza ba ne. Zama ne da ake kiran iyaye da malamai da shugabannin unguwa, a baje sakamakon makarantar, yara nawa suka rubuta BECE, nawa suka samu wuri, wane darasi ne ke kayar da su, sannan kowa ya ɗauki abin da zai gyara. A irin wannan zama ne uwa mai sayar da koko ke da damar tambayar me ya sa lissafi ke faɗuwa shekara uku a jere, a kuma ba ta amsa a gaban jama'a. Idan masu Hausa sun fi yawa a ɗakin, su nemi a sa mai fassara, su nemi a mayar da taron bayan la'asar ko ranar Asabar. Sarkin Zango na iya rubuta wa hedimasta wannan buƙata, limami ya sanar da ranar taron bayan sallar Juma'a kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure.