Ado da fure: daga ina malaman wannan sana'a suke fitowa, kuma su wa ke akwai a Buza, Keita da Madawa?

Duk wanda ya halarci ɗaurin aure ko walima a Tawa, Madawa ko Buza cikin ƴan shekarun nan, ya ga abin da ido bai saba gani ba a da: rumfa an lulluɓe ta da ƙyalle, kujerar amarya an kewaye ta da furanni, teburin manyan baƙi an ɗora masa tulu cike da jan fure da fari. Haka zauren taron ma'aikata yake ranar da wani babba ya zo rangadi. Amma in mutum ya matsa kusa ya kai hannu, sai ya tarar mafi yawan furannin nan na roba ne, an ƙera su a ƙasar Sin, sun sha jirgin ruwa da babbar mota kafin su iso kasuwa. Ke nan sana'a ta samu, kuɗi kuma suna shiga cikinta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamai. To, a ƙasashen da shirya fure ya daɗe da zama sana'a, wane irin mutum ne ke zama malaminta? Kuma yankin Adar, Majiya da Tarka yana da irinsa?

Hanyoyi uku da aka bi a ƙasashen waje

Hanya ta farko ita ce ta gado, kuma ƙasar Japan ce uwarta. A birnin Kiyoto akwai wani gidan ibada mai suna Rokkakudo, inda zuri'ar Ikenobo ta shahara da shirya fure. Tun shekarar 1462 aka rubuta labarin wani daga cikinsu, Senkei, wanda mutanen gari suka yi cincirindo don kallon aikinsa. Shugabancin gidan yana tafiya daga uba zuwa ɗa, har wanda ya gaji kujerar a 1945 ya zama na 45 a jerin. Almajirin wannan gida yana hawa mataki-mataki, shekara da shekaru, kafin a ba shi iznin koyar da wani. Tsarin bai yi nisa da na gidan maƙera ko na wanzamai a ƙasar Hausa ba.

Hanya ta biyu ita ce ta wanda ya shigo daga wani aiki. A Ingila an yi wata mace, Constance Spry, wadda aka haifa a 1886. Malamar kiwon lafiya ce da farko, tana yawon ƙauyukan Ailan tana koya wa mata jinyar gida. A 1921 ta zama shugabar wata makarantar ƴaƴan talakawa a gabashin Landan. Sai da ta haura shekara 40 ta buɗe shagon fure, a 1929, ta kuma kafa makarantar koyon sana'ar a 1934. Abin da ya fitar da sunanta shi ne ba ta raina tsiro ba: ganyen kabeji, ciyawar bakin hanya, reshen da ya bushe, duk tana sa su cikin tulu tare da furanni masu tsada. Ita aka danƙa wa adon bikin naɗin Sarauniya Elizabet ta biyu a 1953.

Hanya ta uku ita ce ta takarda, wadda ma'aikatan ƙasar nan suka fi sani, domin ta Faransa ce. Yaro yakan yi shekara 2 yana neman CAP na mai fure, yana raba lokacinsa tsakanin aji da shagon ubangidansa. In ya ci gaba, sai ya ƙara shekara 2 ya samu BP. A can sama kuma akwai gasar gwanayen masu sana'ar hannu ta Faransa, wadda aka fara a 1924. Amma ko a can, wanda ke koyar da aikin hannu yawanci tsohon mai shago ne, wanda ya yi shekaru yana sammako zuwa kasuwar sari, ya san furen da zai kwana uku da wanda zai yanƙwane kafin azahar, ya kuma san asarar da mutum ke yi in ya sayi kaya suka kwana.

Abin da ya haɗa hanyoyin nan uku abu ɗaya ne: hannu ne ke fara sani, takarda ta biyo baya ta yi shaida. Malamin fure yana bukatar ilimi iri uku, wato sanin tsiro, sanin launi da tsari, da sanin kasuwa. In aka auna da wannan ma'auni, za a ga yankin nan bai rasa malamai ba.

Malaman reno: Majiya da Keita

Sanin tsiro ya shigo gundumar Buza da ƙarfi a 1975, bayan farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona. A shekarar ne wani ma'aikacin gandun daji, Dauda Adamu, tare da taimakon ƙungiyar CARE, ya fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya don su tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Layi biyu-biyu ake dasawa, a bar kimanin mita 100 tsakanin wannan shinge da na gaba. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da wuraren reno, wuraren reno kuwa ba sa tafiya sai da mutanen da aka koya wa aikin.

Shekara 9 bayan haka, a 1984, furojen Keita ya soma, da kuɗin ƙasar Italiya, da kulawar hukumar FAO, da abincin hukumar PAM a matsayin ladan aiki. An yi shingayen dutse, an haƙa ramuka a jikin tuddai, an tare ƙoramu, an dasa itatuwa miliyoyi. Da yake maza da yawa sun tafi cin rani, mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin.

Malaman da suka koyar a waɗannan wurare iri biyu ne. Akwai ma'aikatan gwamnati, waɗanda da dama daga cikinsu suka fito daga makarantar raya karkara ta Kollo, IPDR, da takardarsu a hannu. Akwai kuma manoman da ba su taɓa zama a bencin lakkol ba, waɗanda suka fara da ɗiban ruwa da cika leda, a hankali suka zama su ne ke nuna wa sabbi. Su ne suka san cewa ƙwayar bedi ba ta jiran mutum, in ta yi ƴan makwanni a ajiye ba ta tsirowa. Sun san ƙwayar bagaruwa tana son a jiƙa ta da ruwan zafi kafin a shuka. Sun san yadda ake haɗa rairayi da ƙasa da taki, da yadda ake gusar da leda lokaci-lokaci don kada saiwa ta kama ƙasa, da yadda ake rage wa dashe ruwa kafin a kai shi fili don ya saba da wuya. Wasunsu sun iya auren mangwaro. Wanda ya iya wannan, rainon furen ado ba zai gagare shi ba, domin mai tuƙa tuwon biki ba ya tsoron tukunyar gida.

Malaman launi: tabarmar Madawa da lalle

Sanin launi kuwa ya girmi kowane furoje. Tabarmar Madawa ta yi suna a duk faɗin Nijar. Daga kaba ake yin ta, wato ganyen ƙaramar goriba, a yanko, a shanya, a tsaga, a rina, sannan a saƙa ɗauri-ɗauri a haɗe. A da, ja daga karan dafi yake fitowa, shuɗi daga baba. Daga baya galura ta shigo ta sauƙaƙa aikin. Mai koyon saƙa ba a ba ta littafi. Tana zaune kusa da uwa ko kaka, ta fara da farar tabarma wadda ba ta da ado, sai hannunta ya faɗa sannan a bar ta ta taɓa rinannen kaba. A nan take koyon ƙidayar zane, da launin da ke zama kusa da wani, da wanda in aka haɗa su ido ke gajiya. Wannan darasi shi ne wanda ɗalibin CAP ke koyo a allo.

Haka mai ƙunshi take. Zanen fure da ake yi wa amare a hannu da ƙafa yanzu sana'a ce mai zaman kanta, kuma gwanayenta suna da ƴan mata masu koyo a ƙarƙashinsu. Mai zanen lalle ta san inda babban fure zai zauna, ta san inda za ta bar fili don zanen ya sha iska. Ga masu saƙar faifai, ga masu zanen ƙwarya, ga masu ɗinkin hula. Dukansu malamai ne, kowa da almajiransa, sai dai babu takardar da ta ambaci sunansu.

Abin da ƙasa ke bayarwa

Wani zai ce ai furen Turai ba ya rayuwa a nan, kuma gaskiyarsa. Wardin da ake sayarwa a manyan birane yawanci daga tuddai masu sanyi yake fitowa, irin na bakin tabkin Naibasha a Kenya, a jirgin sama da ɗakin sanyi, ya bi ta kasuwar Alsmir ta ƙasar Holan. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Buza, irin wannan fure ba zai kai la'asar ba. Sai dai darasin Constance Spry yana nan: a duba abin da ke bakin hanya.

Kariya, wadda ke fidda jan fure da tsakar rani ba ganye ko ɗaya a jikinta, ita ce Turawa ke kira wardin hamada, suna sayenta a tukunya da tsada. Sai dai a kiyayi ruwan jikinta, domin dafi ne. Tumfafiya da ake ganin ba ta da daraja, ƴar uwarta ce ake yin sarƙar fure da ita a Indiya da Tailan. Furen lalle yana da ƙamshi. Zangarniyar gero, jan kan dawa, gamba, ƴaƴan goriba da busasshen reshen ƙaya ba sa bukatar ruwa ko ƙanƙara, kuma sukan yi watanni ba su lalace ba. A ɗora su bisa faifai ko cikin ƙwarya, a shimfiɗa tabarmar Madawa a ƙarƙashi, an samu adon da ba a sayo shi da kuɗin waje ba.

Lokaci ba ya jira

Saurayin da ya cika leda a Majiya a 1975 yana da shekara 20, yau ya kai 70 ko ya wuce. Matar da ta ɗauki dutse a Keita a 1984 ta yi jikoki. Tabarmar roba tana cin kasuwar ta kaba, kabar kanta tana nisa da gari saboda yawan yanka, kuma yarinyar da ta ga saƙa ba ta biyan wahalarta ba za ta zauna ta koya ba. Ranar da waɗannan tsofaffi suka kau, abin da ke kansu ya tafi tare da su.

Hanyar gyara ba ta da nisa. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM suna nan cikin gundumomi, asusun FAFPA kuma don tallafa wa koyon sana'a aka kafa shi. Abin da ake bukata shi ne a yarda mai reno da mai saƙa su shiga aji a matsayin malamai, a gwada hannunsu a ba su shaida, a biya su, a haɗa su da mushen da ya san lissafin riba da asara. Bikin SAFEM da ake yi a Yamai tun shekarar 2000 ya nuna cewa aikin hannun mata yana da masaya. Ranar 3 ga Agusta kuma, wadda aka haɗa da dashen itace tun 1975, dama ce ta nuna aikin ɗalibai a gaban jama'a.

Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar kuɗin adon zaure, da ɗan kasuwar da ke sarin furen roba daga Kwatano ko Kano, su ne ke riƙe da ragamar. In suka tambayi adon gida, za a yi shi. In aka yi shi, za a nemi mai koyar da shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa a nemi tsofaffin nan tun suna iya riƙe wuƙa da kaba.