Sayar da sunan shafin intanet: nauyin da ke wuyan mai kasawa

A shekarar 2019 kamfanin MicroStrategy ya sayar da sunan voice.com kan dalar Amurka miliyan 30. Irin wannan labari ne ke sa mutane yin rajistar sunan shafi, wanda ake kira nom de domaine da faransanci, sannan su kasa shi a kasuwannin intanet irin su Sedo ta ƙasar Jamus ko Afternic ta kamfanin GoDaddy. Sai dai da yawa ba su san cewa kasawar alkawari ce ba: mai sayarwa ya amince zai miƙa sunan ba tare da wata rigima a bayansa ba.

Abu na farko, suna ba gona ba ne da ake mallaka har abada. Haya ce da ake biya wa kamfanin rajista, galibi shekara-shekara. Idan wa'adi ya ƙare ba a sabunta ba, bayan ɗan lokacin sassauci sunan na iya faɗawa hannun wani. Wanda ya bar talla a kasuwa bayan sunan ya kuɓuce masa yana tallar abin da ba nasa ba ne.

Na biyu, haƙƙin masu tambarin kasuwanci. Tun 1999 hukumar ICANN, mai tsara sunayen intanet, ta kafa ƙa'idar warware saɓani, kuma hukumar OMPI da ke Janiba na cikin masu yanke hukunci. Mai ƙara zai nuna abu uku: sunan ya yi kama da tambarinsa, wanda ke riƙe da shi ba shi da halastaccen dalili, kuma da mugun nufi aka yi rajistarsa ake amfani da shi. Yin rajistar suna don kawai a sayar wa mai tambarin da tsada na cikin alamun mugun nufi. Ta wannan hanya mawaƙiya Madonna ta karɓe madonna.com a shekarar 2000. Ƙa'idar ta shafi sunayen da suka ƙare da .com, .net da .org, sunayen ƙasashe kamar.ne na Nijar kuwa, hukumar da ke kula da kowanne ce ke tsara dokarsa.

Na uku, farashi. Idan aka sanya farashin yanke, mai saye ya amsa, ciniki ya faɗa. Wanda ya kasa suna ɗaya a kasuwa biyu dole ya janye ɗaya da zarar an saya a ɗayar, in ba haka ba kasuwar na iya rufe asusunsa. Ƙara gishiri kan yawan masu ziyartar sunan shi ma yaudara ce.

Daga ƙarshe, miƙawa. Mai sayarwa ne zai cire kullen sunan, ya bayar da lambar sirri ta canja wurin rajista a kan lokaci. Ya kamata ya tuna kamfanin rajista na iya hana ɗauke sunan da bai cika kwana 60 da rajista ba. Kasuwa kan riƙe kuɗin mai saye sai sunan ya isa hannunsa, ta cire la'adarta, ta biya sauran. Wanda ya zagaye dillali don gudun la'ada, in an cuce shi ba shi da wurin kai kuka.